'Yan Fashin Teku na Turai da Takardar Sarki

A wurin Bahaushe, mutumin da ya tare fatake a daji ya ƙwace musu kaya ɗan fashi ne, in kuwa aka kama shi ba mai yi masa kuka. Amma wanda sarki ya ba tuta ya kai hari ƙasar abokan gaba ya komo da dukiya, wannan barde ne, abin da ya kawo ganima ake ce da shi, har maroƙa su yi masa kirari a ƙofar fada. Wanda aka ƙwace wa kayan shi kaɗai ne bai ga bambanci ba. Turawa ma suna da irin wannan rabe-rabe a harsunansu game da masu tare jiragen ruwa a teku, tun zamanin da jirage ba su da inji, sai filafilai da iska ke korawa. Akwai wanda suke kira ɗan fashi, hukuncinsa rataya. Akwai kuma mai jirgin kansa wanda sarki ya ba takardar izini ya kama jiragen ƙasar da ake gaba da ita, ya kawo su kotu a halatta masa, a cire wa sarki rabonsa. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin wannan takarda tun daga ƙarni na 16 har zuwa lokacin da aka rataye mutum 52 a gaɓar Gwalkwas, watau Gana ta yau, domin mu ga lokacin da sarakunan Turai suka rungumi waɗannan mutane, da lokacin da suka juya musu baya, da kuma dalili.

Azurfar Sifaniya

Tushen al'amarin shi ne yarjejeniyar Tordesillas ta 1494, inda Sifaniya da Fotugal suka ja layi a tsakiyar Tekun Atlantika suka raba duniyar da Turawa ba su sani ba a tsakaninsu, yamma ta Sifaniya, gabas ta Fotugal. Ba a shawarci Faransa da Ingila ba, balle mutanen da ke zaune a ƙasashen da aka raba. Da Sifaniyawa suka ci daulolin Meksiko da Peru, dukiya ta fara kwarara zuwa Turai irin wadda ba a taɓa gani ba, musamman bayan an gano dutsen azurfa na Potosi a 1545. Hanyar wannan azurfa doguwa ce, kuma kowa ya san ta. Akan sauko da ita zuwa bakin Tekun Fasifik, a ɗauke ta a jirgi zuwa Panama, a ɗora wa alfadarai su ratsa ƙunƙumin ƙasar zuwa ɗaya gaɓar, sa'an nan jirage su taru a Havana su kama hanyar Sevilla a ayari guda. Duk mai jirgi da igwa ya san inda zai yi kwanto.

Faransawa ne suka buɗe ƙofar. A wajen 1523 wani mai suna Jean Fleury ya kama jiragen da ke ɗauke da dukiyar sarkin Aztek wadda Cortes ya aika wa sarkin Sifaniya. Shekaru kaɗan bayan haka Sifaniyawa suka kama shi suka rataye shi, ba su dubi wata takarda ba.

Shigowar Ingilishi cikin wannan sana'a ta gaɓar Afirka ta biyo, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo gare shi. A 1562 John Hawkins ya sauka Saliyo ya tara mutane wajen 300, waɗansu da takobi, waɗansu kuma ya ƙwace daga jiragen Fotugal, ya kai su tsibirin Hispaniola ya sayar. Ribar ta yi yawa har Sarauniya Elizabeth ta ba da aron jirginta a tafiya ta biyu a 1564, aka kuma ba Hawkins tambarin gida mai ɗauke da siffar baƙin mutum a ɗaure. A tafiya ta uku Sifaniyawa suka rutsa shi a San Juan de Ulua a 1568, jirage biyu kaɗai suka tsira. Ɗaya daga cikinsu wani saurayi ɗan'uwansa ke ja, sunansa Francis Drake.

Drake bai yafe ba. A 1573 ya tare ayarin alfadarai kusa da Nombre de Dios, kuma waɗanda suka nuna masa hanya cikin kurmi bayi ne 'yan Afirka da suka gudu daga hannun Sifaniyawa suka kafa garuruwansu a daji. Tsakanin 1577 da 1580 ya kewaye duniya, a kan hanya ya kama wani babban jirgi a Tekun Fasifik wanda aka sauke azurfa tan 26 daga cikinsa, ban da zinariya da duwatsu masu daraja. An ce waɗanda suka zuba jari a tafiyar, kowane fam ɗaya ya jawo musu fam 47. A lokacin nan babu yaƙi a fili tsakanin Ingila da Sifaniya, saboda haka bisa ga dokar Turawan kansu aikin Drake fashi ne tsantsa. Jakadan Sifaniya ya nemi a mayar da dukiya a hukunta ɓarawo. Amsar da ya samu ita ce, a watan Afrilu na 1581 Sarauniya ta hau jirgin Drake a Deptford aka ba shi muƙamin Sa, wannan muƙami da mu ma muka sani a gaban sunayen manyanmu na zamanin Turawa. Har yau yaran Ingila jarumi suka san shi, littattafan Sifaniya kuwa ɗan fashi.

Mutanen Holan su suka mai da abin kasuwanci sosai. A 1628 Piet Hein, yana yi wa Kamfanin Indiya ta Yamma na Holan aiki, ya kama ayarin azurfa gaba ɗaya a gaɓar Matanzas ta Kuba. Dukiyar ta haura gilda miliyan 11. Da ita kamfanin ya raba wa masu hannun jari riba, da ita kuma ya shirya rundunar da ta ci yankin rake na Pernambuco a Brazil a 1630.

'Yan banda

Akwai wata kalma da Turawa ke kiran 'yan fashin Tekun Karibiyan na ƙarni na 17 da ita wadda asalinta zai ba Bahaushe sha'awa. A arewacin Hispaniola akwai shanu da aladu da suka koma daji bayan Sifaniyawa sun watsar da wurin. Waɗansu gudaddun Turawa, yawancinsu Faransawa, suka zauna can suna farauta suna ƙyafe nama a kan ragar itace da suka koya daga 'yan asalin ƙasar, suna sayar wa jiragen da ke wucewa. Sunan ragar a bakin Faransawa "boucan" ne, daga nan aka sami "buccaneer". In da za mu fassara sai mu ce 'yan banda. Da Sifaniyawa suka matsa musu da kora suka kuma karkashe dabbobin, sai maharban suka koma wani ɗan tsibiri mai suna Tortuga, suka shiga kwale-kwale suka fara farautar jirage.

Ingilishi suka ƙwace Jamaika a 1655, amma ba su da rundunar ruwa da za ta tsare ta. Gwamnoni suka ga mafita a wurin 'yan banda: a buɗe musu tashar Port Royal, a ba su takarda, su kuwa su hana Sifaniyawa sakat ba tare da baitulmali ya kashe ko anini ba. A cikinsu Henry Morgan, mutumin Wales, shi ya fi shahara. Ya ci Portobelo a 1668, ya shiga Marakaibo a 1669, sa'an nan a watan Janairu na 1671 ya ratsa kurmi da mutum wajen 1,400 ya faɗa wa birnin Panama, birnin ya ƙone ƙurmus. Matsalar ita ce, tun watan Yuli na 1670 Ingila da Sifaniya sun sa hannu a kan sulhu a Madrid. Domin a lallashi Sifaniya aka kama Morgan aka kai shi Landan a 1672, amma ba a taɓa gurfanar da shi ba. Manyan gari suka yi ta gayyatarsa liyafa. A 1674 aka ba shi muƙamin Sa, aka komar da shi Jamaika a matsayin mataimakin gwamna, kuma cikin ayyukansa har da kama tsofaffin abokansa. Da aka fassara littafin wani likita mai suna Exquemelin, wanda ya yi tafiya tare da shi ya kuma ba da labarin azabar da aka gana wa mutane don su faɗi inda suka ɓoye dukiya, Morgan ya kai masu ɗab'i ƙara a Landan saboda ɓata suna, ya kuwa ci shari'ar. Ya mutu a 1688 yana da gonakin rake da bayi fiye da 100.

A nan ne iska ta fara juyawa. Rake ya fi fashi riba, kuma ribarsa ba ta yankewa. Mai gonar rake zaman lafiya yake so, da jiragen da za su kawo masa bayi su kwashi sukari ba fargaba. A 1672 aka kafa Kamfanin Afirka na Sarki, wanda ƙanen sarkin Ingila ke shugabanta, aka ba shi ikon cinikin bayi a gaɓar yammacin Afirka shi kaɗai. Sifaniyawa kuma, maimakon a ƙwace musu azurfa da igwa, sai aka ga ana iya karɓarta hannu da hannu in an sayar musu da mutane. Girgizar ƙasa ta 7 ga Yuni 1692 da ta nutsar da yawancin Port Royal cikin teku ta zo ne bayan amfanin garin ga 'yan banda ya riga ya ƙare.

Jirgin mahajjata

Waɗanda aka kora daga Karibiyan suka gano cewa Tekun Indiya ya fi kitse. Suka yi sansani a Madagaskar, suna kwanto a bakin Bahar Maliya, inda jiragen Indiya ke wucewa kowace shekara ɗauke da 'yan kasuwa da mahajjata. A 1694 wani mai suna Henry Every ya jagoranci tawaye a wani jirgi mai igwa 46 a tashar Coruña ta Sifaniya, saboda an yi watanni ba a biya matuƙa albashi ba. A watan Satumba na 1695 ya tare Ganj-i-Sawai, babban jirgin Sarki Aurangzeb na daular Mughal, yana komawa Surat da waɗanda suka sauke farali. Abin da aka yi wa mutanen cikin jirgin na kwanaki ba ya faɗuwa. Marubucin tarihi Khafi Khan, wanda ya yi zamani da abin, ya ambata cewa waɗansu mata sun gwammace su faɗa teku da a keta musu haddi. An ƙiyasta dukiyar tsakanin fam 325,000 da 600,000. Kowane ɗan fashi ya tashi da wajen fam 1,000, alhali matuƙin jirgin kasuwa a lokacin zaman lafiya bai cika samun fam 20 a shekara ba.

Wannan karon wanda aka taɓa yana da hannun ramawa. Aka tsare ma'aikatan Kamfanin Indiya ta Gabas na Ingilishi a Surat, aka rufe musu ciniki, har aka yi barazanar korarsu daga Indiya ɗungum. Nan da nan Landan ta tuna cewa fashi laifi ne. Aka sa ladan fam 1,000 a kan Every, rabi daga gwamnati rabi daga kamfani. Shi kuwa ya riga ya isa Bahamas, ya toshe bakin gwamna Nicholas Trott, daga baya ya ɓace, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da aka kama 'yan kaɗan daga mutanensa aka gurfanar da su a Landan a 1696, sai talakawan gari goma sha biyu da al'adar Ingila ta ba ikon yanke ko mutum ya yi laifi suka wanke su. A wurinsu, ƙwace dukiyar wani sarkin Musulmi na nesa ba abin rataya ba ne. Dole hukuma ta sake tuhumarsu da laifin sace jirgin Ingilishi tun farko, da wannan ne aka rataye biyar. Ashe dai jirgin ne aka bi wa haƙƙi, ba mahajjatan ba.

William Kidd shi ya biya bashin da Every ya gudu ya bari. Kidd ba gudajje ba ne, attajiri ne mai gida a New York. A 1695 waɗansu manyan gwamnatin Ingila suka haɗa jari suka sama masa jirgi mai igwa 34 da takardu daga Sarki William, na kama 'yan fashi da jiragen Faransa, da sharaɗin sarki zai sami ushiri. Ya yi fiye da shekara bai kama abin kirki ba, mutanensa suna ta gunaguni, har ya jefi mai harba igwarsa da guga ya kashe shi. A watan Janairu na 1698 ya kama Quedagh Merchant, jirgin da 'yan kasuwar Armeniya suka yi haya, wanda manyan daular Mughal ke da kaya a ciki. Jirgin yana ɗauke da takardar kariya ta Faransa, Kidd kuwa ya ɗauka wannan ta halatta masa shi. Da ya komo aka kama shi a Boston a 1699, ya miƙa takardun Faransar ga gwamnan da ke cikin masu jarinsa. Ranar shari'a aka neme su aka rasa. Aka rataye shi a bakin kogin Thames ran 23 ga Mayu 1701. Igiyar farko ta tsinke, aka sake ɗora shi. Gawarsa ta daɗe a rataye cikin sarƙa don masu wucewa su gani. Bayan shekara 200 da 'yan kai wani mai bincike ya tarar da takardun nan a ma'ajiyar takardun gwamnati a Landan, lafiyarsu lau. Ni a ganina Kidd ba wankakke ba ne, amma bai yi abin da Drake bai yi ninkinsa ba.

Darasin da hukuma ta koya daga shari'ar mutanen Every shi ne kada a ƙara barin talakawa su yanke wa ɗan fashi hukunci. Dokar 1700 ta ba da ikon a kafa kotu a kowace ƙasar mallaka ko kagarar ciniki, hafsoshin ruwa da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa su zauna, su yanke, su rataye a nan take.

Marasa takarda

Yaƙin gadon sarautar Sifaniya ya shagaltar da kowa har zuwa sulhun Utrecht a 1713. Abubuwa biyu suka biyo bayan sulhun. Na farko, Ingila ta sami kwangilar kai wa ƙasashen Sifaniya bayi 4,800 kowace shekara har shekara 30. Na biyu, rundunar ruwan Ingila ta sallami mutane, daga kusan 50,000 ta koma ƙasa da 15,000, takardun izini kuma suka mutu. Matuƙa suka cika tashoshi ba aiki, albashi ya faɗi, bulala ta ƙaru. Mafi munin aiki shi ne na jirgin bayi, inda zazzaɓi da atuni ke kashe matuƙa kusan yadda suke kashe waɗanda ke ɗaure a ƙasa. Da guguwa ta farfasa ayarin azurfar Sifaniya a gaɓar Florida a watan Yuli na 1715, ɗaruruwa suka ruga tsintar dukiya, daga can suka zarce Nassau a Bahamas, inda babu gwamna.

Waɗannan su ne 'yan fashin da labarai da majigi suka sa duniya ta sani, masu baƙar tuta mai ƙoƙon kai. Zamaninsu bai wuce shekara goma ba, kuma masana sun ƙiyasta cewa dukansu ba su fi mutum 4,000 zuwa 5,000 ba. Abin da ya raba su da na baya shi ne ba su da takardar kowa, ba su kuma ware tutar kowa ba. Sun fi son jirgin bayi, domin yana da gudu, da faɗi, da igwa. Samuel Bellamy ya kama Whydah, wanda aka raɗa wa sunan tashar bayi ta Wida a ƙasar Benin ta yau, a farkon 1717. Watanni biyu bayan haka jirgin ya nutse a Cape Cod, da aka gano shi a 1984 kuwa an sami gutsattsarin kayan adon zinariya na Akan a cikinsa. Edward Teach, wanda ake wa laƙabi da Baƙin Gemu, shi ma jirgin bayi na Faransa ya kama ya mai da shi jirgin yaƙinsa, kafin a kashe shi a gaɓar Karolina ran 22 ga Nuwamba 1718. A shekarar ce Woodes Rogers ya iso Nassau da afuwar sarki a hannu ɗaya, igiya a ɗaya. Rogers kansa tsohon mai takarda ne wanda ya taɓa kama jirgin dukiyar Sifaniya a Tekun Fasifik.

Da Karibiyan ta yi zafi sai suka nufo Afirka. A watan Yuni na 1719 Howell Davis ya kama jirgin bayi mai suna Princess a Anomabu, ya tilasta wa wani jami'in jirgin, Bartholomew Roberts, ya bi shi. Bayan makonni kaɗan Fotugisawa suka kashe Davis a tsibirin Principe, 'yan fashin suka zaɓi Roberts kyaftin. Cikin ƙasa da shekara uku ya kama jirage wajen 400, daga Brazil zuwa Newfoundland zuwa Saliyo, ko da yake da yawansu ƙananan jiragen su ne.

Dokokin jirginsa sun iso gare mu ta wani littafi da aka buga a Landan a 1724 da sunan Kyaftin Charles Johnson. Kowane mutum yana da ƙuri'a a kan al'amuran jirgi. Kyaftin rabo biyu kawai yake ɗauka, kuma ana iya tuɓe shi. Ba caca da kuɗi, a kashe fitilu ƙarfe takwas na dare, ba a shigo da mace ko yaro. Wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki ana ba shi dalar azurfa 800 daga asusun jama'a. Makaɗa suna hutawa ran Lahadi. In aka gwama wannan da jirgin kasuwa, inda kyaftin ke iya dukan mutum har lahira ba mai tambaya, ba abin mamaki ba ne da matuƙa suka riƙa sauya sheƙa da zarar an kama jirginsu. Saboda haka waɗansu masana na zamaninmu suka ɗauki waɗannan mutane tamkar 'yan gwagwarmayar talakawa, har suna nuna cewa akwai baƙaƙen fata da yawa a cikinsu, waɗansu da makami da rabo.

Akwai gaskiya a ciki, amma kada a yi saurin yabo. Waɗansu baƙaƙen 'yantattun matuƙa ne, waɗansu kuwa an riƙe su ne don ɗiban ruwa da sauran aikin wahala, in an matsu a sayar da su. Abin da ya faru a Wida a watan Janairu na 1722 ya isa shaida. Roberts ya tarar da jiragen bayi 11 a tashar, ya ɗora wa kowanne fansar laba takwas na garin zinariya. Kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biya. Mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta da mutum wajen 80 a ciki, a ɗaure biyu-biyu. Waɗanda suka faɗa ruwa kifayen teku suka cinye su a gaban idon mutanen da ke gaɓa.

Cape Coast, 1722

Attajiran bayi na Landan da Bristol sun daɗe suna kuka, domin jirage da yawa sun salwanta a gaɓar Afirka tun 1719, kuɗin inshora ya hau. Cikin masu matsa wa gwamnati lamba har da Humphry Morice, babban dillalin bayi wanda daga baya ya zama gwamnan Bankin Ingila. Aka aiko jiragen yaƙi biyu. Ran 10 ga Fabrairu 1722 ɗaya daga cikinsu, Swallow mai igwa 50, ƙarƙashin Chaloner Ogle, ya riski Roberts a Cape Lopez, a ƙasar Gabon ta yau. Yawancin mutanen Roberts a buge suke tun daren jiya. Harbin igwa ya same shi a maƙogwaro, mutanensa suka jefa gawarsa teku kamar yadda ya yi wasiyya, sauran suka miƙa wuya.

Aka kawo su kagarar Cape Coast, hedkwatar Kamfanin Afirka na Sarki. A ƙarshen watan Maris kotu ta zauna bisa dokar 1700, hafsoshin ruwa da manyan ma'aikatan kamfanin ne alƙalai. Aka sallami mutum 74 da suka nuna cewa tilasta musu aka yi. Aka yanke wa 20 aikin bauta na shekara bakwai a hannun kamfani, aka aika 17 kurkuku a Landan, aka rataye 52 a bakin teku, rukuni-rukuni, cikin watan Afrilu. Waɗansu aka shafe gawarsu da kwalta aka rataye cikin sarƙa a kan tuddai, inda duk jirgin da ya shigo zai hango.

Akwai waɗanda ba a kai gaban kotu ba. A jiragen Roberts an sami baƙaƙen fata wajen 70. Ba a tambayi ko ɗaya ba ko tilasta masa aka yi, ko yana da rabo, ko ɗa ne. Doka ta ɗauke su a matsayin kayan da aka ƙwato daga hannun ɓarayi, aka sayar da su. Kotun tana zaune a bene, a ƙarƙashin kagarar kuma akwai ɗakunan duhu inda ake tara mutanen da ke jiran jirgi. Alƙalan da suka yanke wa Turawa 52 hukuncin kisa saboda ƙwace dukiyar mutane, waɗansunsu su ne masu lissafin waɗanda ke ƙasan. Ogle ya riƙe zinariya mai yawa daga ganimar, mutanensa suka yi shekaru suna bin rabonsu. A 1723 aka ba shi muƙamin Sa.

Daga nan abin ya mutu da sauri. Kafin 1726 an rataye ɗaruruwa a tashoshin Atlantika, baƙar tuta ta ɓace daga gaɓar Afirka. Hanya ta buɗe. A cikin ƙarni na 18 kaɗai an loda 'yan Afirka fiye da miliyan 6 a jiragen Turawa, kuma Ingilishi ne ke kan gaba.

Ita kuwa takardar izini ta ci gaba da aiki a kowane yaƙi har sai da manyan ƙasashen Turai suka soke ta a taron Faris na 1856. Kafin nan kalmar fashi ta sake komawa kan wani. A 1820 Amurka ta yi doka cewa duk ɗan ƙasarta da ya yi safarar bayi a teku ɗan fashi ne, hukuncinsa kisa, Ingila ma ta bi sahu a 1824, shekara 102 bayan ratayar Cape Coast. A ƙarƙashin dokar Amurkar mutum ɗaya tak aka taɓa kashewa. Sunansa Nathaniel Gordon, an kama shi a 1860 kusa da bakin kogin Kwango da mutum 897 a jirginsa, yawancinsu yara. Shugaba Lincoln ya ƙi yi masa afuwa, aka rataye shi a New York ran 21 ga Fabrairu 1862.